Alhaji Ƙara-Buhu da Dokar Daidaita Gudu

Duk wanda ya ce ƙasar nan ba ta da manyan mutane, to bai taɓa tsayawa a Bebeji ya sha ruwa ba. Da ya tsaya, da an nuna masa Alhaji Sha'aibu mai hatsi, wanda Allah ya yi wa baiwa uku: sito cike da masara, tumbin da ke riga shi shiga ɗaki, da ilimin da babu malamin da ya koya masa. Shi ne Shugaba, kuma wanda ya kafa, kuma Uban Hukumar Tseren Motoci ta Kudancin Kano. Haka aka buga a katinsa, gaba da baya, don kada wani ya juya katin ya manta. Mutanen gari kuwa ba su da lokacin dogon suna, sai suka taƙaita masa zuwa Alhaji Ƙara-Buhu. A bayan idonsa suke faɗa, amma da ƙarfi.

Ilimin ya sauko masa ne a hanyar dawowa daga Umara. Jirgi ya yi jinkiri, Alhaji ya zauna awa shida a filin jirgi a gaban wani ƙaton talabijin yana kallon wasu motoci masu rarrafe da ciki suna zagaya baƙin titi mai ƙyalli. Wani Bakano da ke kusa da shi, mai jin Turanci, ya yi masa bayani. Ya ce motocin nan ba ƙirarsu ɗaya ba, wata ta fi wata ƙarfi, don haka kafin a yi tsere hukuma takan gwada su, wadda ta fi gudu a ɗora mata nauyi, wadda ke baya a rage mata, domin a tafi kafaɗa da kafaɗa, 'yan kallo su ji daɗi. Alhaji ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Wato akwai wasan da in wani ya fi ka, ba kai za ka ƙara himma ba, shi za a ɗora wa kaya? Kuma akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya zauna a inuwa ya ce a ɗora? Tun da aka haife shi bai taɓa jin tsarin da ya kwanta masa a rai kamar wannan ba.

Bai yi wata biyu da dawowa ba sai ga jar mota mai ƙofa biyu daga Kwatano. Ya raɗa mata suna Walƙiya. Ya shiga Kano ya sayo kofi mai hannu biyu, tsawonsa ya kai tulu. Ya sa aka share wata saura a bakin tafkin Bagauda, aka jera tsofaffin tayoyi aka yi da'ira. Sannan ya aika wa masu ƙarfin jini na Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kanikawa da direbobin haya waɗanda dama sukan gwada juna a hanyoyin daji, ya ce su zo a mayar da su mutane. Mota takwas suka zo, Walƙiya ta tara. Ya naɗa Malam Balarabe, tsohon hedimasta, a matsayin sakatare. Nan ne kuskurensa na farko, domin Malam Balarabe irin mutanen nan ne da in ka ba su doka sai su riƙe ta ko da kai da ka yi ta ka sake ta.

Kada a zargi Alhaji da son duniya. Abu ɗaya tak yake so: ya ɗaga kofin nan sama da hannu biyu a gaban dukan Bebeji, ko da sau ɗaya ne. Za a yi tsere huɗu a kakar, wanda ya ci na ƙarshe shi ne mai kofi. Kafin lokacin, kofin na zaune a falonsa a kan talabijin. Uwargidansa, Hajiya Lubabatu, ta sha shigowa da abinci ta tarar da shi a gaban madubi, kofi a sama, baki a buɗe, yana yi wa bango godiya. Sai dai kawai ta tambaye shi ko a kawo ruwan wanke hannu. Ita ce kuma kaɗai ta taɓa ganinsa a kan sikelin sito, wata rana da ya ɗauka babu kowa. Abin da allurar ta nuna, ta ajiye shi a ranta.

Ranar buɗe gasa Alhaji ya karɓi lasifika, ya gyara zaman hula, ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, a ƙasashen da suka ci gaba, gudu ba hauka ba ne, kimiyya ce. Ni na je na gani da idona. Saboda haka na kafa doka. Sashe na ɗaya: duk motar da ta zo ta farko, za a sa mata buhun masara guda a tsere na gaba. Sashe na biyu: duk motar da ta zo ta ƙarshe, za a rage mata nauyin buhu guda. Masarar daga sitona za ta fito, ba na son godiya. Malam, rubuta, ka buga hatimi. Dokar nan ba ta san fuskar kowa ba. Ko ni ne, ta hau kaina!"

Malam Balarabe ya rubuta har da "ko ni ne". Ya kuma nemi a ƙara sashe na uku, wanda ya taso da shi tun wasannin makaranta: ba a tsere da abin da bai kai mota biyu ba. Alhaji ya ce a sa, ai wannan ko jariri ya sani.

Aka busa usur. Wanda ya ci shi ne Mas'ud, wani kanike daga Badafi, siriri kamar karan dawa, mai ƙarancin magana. Motarsa daga gawar motoci uku ya haɗa ta, ƙofa ɗaya shuɗiya, ɗaya fara, shi ya sa ake ce mata Haɗin Gambiza. Amma in ya taka ta sai ka ji kamar ana yaga sabon yadi. Walƙiya kuwa ta zo ta tara. A cikin motoci tara.

Alhaji ya fito yana murmushin masana. Ya ce abin da ya yi tsammani ke nan, dama tseren farko na tattara bayanai ne. Aka cusa wa Haɗin Gambiza buhu a but. Aka kwance wa Walƙiya kujerar baya da safaya da rediyo, aka ɗora a sikeli har suka cika nauyin buhu.

Tsere na biyu, Mas'ud ya sake ci, da buhunsa da komai. A nan hazaƙar Shugaba ta motsa. Ya ce binciken Hukuma ya nuna buhu ɗaya bai isa ba, don haka na farko a cika masa uku, na biyu ya ɗauki biyu, na uku ya ɗauki ɗaya. Walƙiya, wadda ta riƙe matsayinta na tara da aminci, ta rabu da kujerar mai zaman banza, da kafet, da bamba gaba da baya, da na'urar sanyaya iska. A tsere na uku Haɗin Gambiza ta fito gindinta na jan ƙasa kamar akuya mai ciki, sifirin ɗinta ya karye a zagaye na bakwai, wani Umaru daga Tudun Wada ya wuce ta ya ci. Ko da karyayyen sifirin, Mas'ud ya lallaɓa ya riga Alhaji isowa. Aka cire wa Walƙiya bonet da gilasan gefe da murfin but da ƙofar hagu. Ta koma kamar kazar da aka fige.

Gaskiyar da babu mai faɗa ita ce, kafin gasar nan, shekara ashirin da biyar rabon Alhaji da riƙe sitiyari da kansa. Dattijon direbansa, Habu, shi ke kai shi ko'ina, in kuma babu tafiya ya ja tsohuwar akori-kurar sito, mai suna Haƙuri, ya yi ta jigilar hatsi tsakanin kasuwanni. Alhaji tsoron totur yake kamar wutsiyar kunama. Ga shi kuma ba ya iya wuce jama'a bai gaisa ba. Duk kwanar da ya iso sai ya taka birki, ya ɗaga hannu, ya amsa "ranka ya daɗe" ta dama, ya amsa ta hagu.

Habu ne kaɗai ya yi ƙarfin hali. Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, da za ka bar gaisuwar nan sai an gama, ina ga motar za ta taɓuka."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Habu, kai direban kaya ne. Me akori-kura ta sani a tsere? Je ka duba mai."

Saura tsere ɗaya, na kofi. Buhuna sun taru sun kai goma sha biyu a motocin mutane, amma har yanzu Walƙiya ba ta ga ƙeyar ta takwas ba. Sai Shugaba ya tuna sauran bayanin da aka yi masa a filin jirgi: ashe gwaji ake yi tukuna. Ya sanar da ranar gwaji. Za a sauke duk buhunan a tara su wuri ɗaya, kowace mota ta fito wayam ta yi zagaye uku, Malam Balarabe na riƙe da agogo. Wadda ta fi gudu a gwajin ta kwashi buhu shida ranar kofi, mai bi mata huɗu, ta uku biyu. A lissafin Alhaji, manyan abokan gabansa uku sun gama yawo.

Abin da bai lissafa ba shi ne, kanikawan Kiru ma suna da kai a wuya. Aka busa usur, motoci takwas suka tashi kamar masu rakiyar gawa. Umaru ya sa giya ta ɗaya ya kafe a kai. Mas'ud ya jingina da kujera, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da rake yana sha yana tofar da ɓawo ta taga. Wani daga Doguwa har tsayawa ya yi ya tambayi masunta nawa suke sayar da karfasa. Ana cikin haka Hamman, wani makiyayi da ke kai shanunsa shan ruwa, ya ratso gefen filin, shanun suka bi layin motocin suka wuce su ɗaya bayan ɗaya, ba su ko ɗaga kai ba. Hamman ya leƙa motar Mas'ud ya ce, "Sannu, mai ne ya ƙare?" Mas'ud ya ce a'a, kimiyya ce.

Alhaji bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Shi dai ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da aka fara: gabansa babu kowa. Ya waiwaya, ga su can a baya. Daɗi ya kama shi har ya manta da gaisuwa, ya danna totur rabi, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsallake layi, ya fito ta inda ƙofa take a da, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kun gani? Kun ga abin da nake faɗa? Da an cire son zuciya, da an tsaya a kan gaskiya, ga inda Walƙiya take!"

Malam Balarabe ya gyara tabarau, ya buɗe littafi, ya karanta da muryar da yake kiran sunayen ɗalibai. Motar da ta fi gudu a gwaji, Walƙiya. Buhu shida.

Wata saniya ta yi kuka daga bakin ruwa. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Alhaji ya sauke hannayensa a hankali kamar mai sauke tukunyar zafi. Amma babban mutum ba ya rasa mafita, kuma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

"An soke gwajin! Wannan ɓoye gudu ne, kuma a ƙasashen da suka ci gaba babban laifi ne. Duk wanda ya ɓoye gudunsa ya ci amanar Hukuma. Buhunan nan goma sha biyu a raba wa su takwas ɗin, in sun yi kaɗan a ƙaro daga sito. Walƙiya ce kaɗai ta fito da zuciya ɗaya, ba za a hukunta mai gaskiya ba!"

Malam Balarabe ya ce wannan ba ya cikin littafi, sai Hukuma ta zauna. Alhaji ya ja kujera ya zauna. Ya ce Hukuma ta zauna, kuma ta amince.

Mas'ud ya ajiye guntun rakensa ya tako har gaban rumfa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wata uku na yi ina gyaran injin nan don ta yi gudu. Ta yi gudu, ka ɗora mata kaya har ta karye. Ta ƙi gudu, ka ce a ƙara mata. To ka faɗa mini yadda za ta yi ta tsira." Alhaji ya ce Hukuma ba ta amsa tambaya a fili, ya rubuto. Mas'ud ya ce to madalla, ya shiga motarsa. Sauran bakwai suka bi bayansa, kuma wannan karon babu wanda ya ɓoye gudu. Suka bar Alhaji da buhu goma sha biyu da kofi guda.

Cikin mako ɗaya labari ya iso Bebeji: an kafa Gasar Direbobi Zalla a Doguwa, a kan wata hanyar daji da ke bin gindin duwatsu, kowace Asabar. Takensu kalma biyu ne, an rubuta a jikin kowace mota: Babu Buhu. Jama'a suka yi ta tururuwa can. Alhaji ya sa aka zagaya kasuwa da lasifika ana karanta sanarwarsa.

"Hukumar Tseren Motoci ta Kudancin Kano, wadda ita kaɗai ce halastacciya, tana sanar da jama'a cewa abin da ake yi a Doguwa ba tsere ba ne, gudun ɓarayi ne. Babu sikeli, babu littafi, babu Shugaba. Hukuma ta kori mutum takwas ɗin nan har abada, kuma ko sun zo da kuka ba za a karɓe su ba, sai sun rubuto."

Korar wanda ya riga ya tafi ba ƙaramar jarumta ba ce, kuma Alhaji ya yi ta shi kaɗai. Don adalci dai, a faɗi wannan ma: Asabar biyu a jere Mas'ud ya yi wa mutanen Doguwa fintinkau har 'yan kallo suka fara hamma, sai aka ji wasu daga cikin masu Babu Buhu na raɗe-raɗin ko za a ɗan sa masa duwatsu a but. Su dai ba buhu suka ce ba. Da labarin ya zo wa Alhaji, kwana biyu yana ba da shi ga duk wanda ya zo sayen masara.

Sannan ya yanke shawarar kashe gasar mutanen Doguwa gaba ɗaya. Ya sa ranar kofi ta faɗo daidai ranar babban tserensu, a ga wanda jama'a za su zaɓa. Kwana uku kafin ranar sai ga saƙo: mutanen Doguwa sun ɗage nasu. Alhaji ya yi sujada a tsakar sito. Ya ce sun ji tsoro, sarkin yawa ya rusuna wa sarkin ilimi. Babu wanda ya ga dacewar gaya masa dalilin da suka bayar, cewa ba za su yarda a ba su labari ba, mutum zai yi tsere shi kaɗai, dole su gani da idonsu.

Malam Balarabe ne ya zo da littafi ya nuna masa sashe na uku. Mota biyu. Alhaji ya leƙa waje, idonsa ya faɗa kan Haƙuri tana fake a gindin darbejiya, Habu na ɗaure mata salansa da waya. Nan take aka yi mata rajista. Kuma da yake sabuwar shiga ce, ba a san ƙarfinta ba, Hukuma ta zauna ta amince a ɗora mata buhunan goma sha biyu duka.

Saura abu ɗaya. Titin da ya gani a talabijin baƙi ne mai ƙyalli, nasa kuwa ja ne mai tashi, ga manyan baƙi za su zo da fararen kaya. Ya ari injin ban-ruwa biyu daga masu noman rani, ya ce a jiƙa filin tun daga safiyar Juma'a har la'asar, a ƙara da safiyar Asabar.

Habu ya sake rusunawa. "Ranka ya daɗe, kwanar nan ta ƙasa, ta kusa da layi, laka ce, tsohuwar fadama ce. In ta sha ruwa sai Allah. Ita kuma Haƙuri ka san ba ta da kik, turawa ake yi. Da kayan nan a kanta, in na tsaya a laka ta mutu, sai dai a nemo tarakta, masarar ma ta jiƙe."

"Wa ya ce ka tsaya? Kada ka kuskura ka tsaya mini da masara a cikin ruwa. Cewa na yi ka biyo ni a baya. Kada ka tsaya, kada ka wuce ni. Magana biyu, ko ita ma sai an rubuta maka?"

Habu ya ce a'a, ya ji.

Asabar ta zo da taron da Bagauda ba ta taɓa gani ba. Mutanen Doguwa sun zo mota-mota, suka jera a gaba-gaba da Babu Buhu a jikin ƙofofinsu. Masunta sun bar komarsu. Hajiya Lubabatu na cikin rumfa a kujerar gaba, kofi a kan tebur kusa da ita. Alhaji ya yi jawabin minti arba'in a kan tarihin Hukuma, ya sanar da cewa saboda girmama baƙi an rage zagaye daga goma zuwa uku, sannan ya shige Walƙiya, wadda yanzu ba ta da komai sai inji da sitiyari da kujera guda da taya huɗu. 'Yan dakon sito shida suka tura Haƙuri ta tashi da tari. Aka busa usur.

Zagayen farko Walƙiya ta shiga kwanar ƙasa ta yi rawa, gindi ya tafi gabas, kai ya tafi yamma, ta dai fita. Alhaji ya ɗaga wa jama'a hannu, a zatonsa gwaninta ya yi. Haƙuri ta biyo a baya da nauyinta, ta tsaga lakar ta bar kwari biyu kamar an yi huɗa. Zagaye na biyu kwarin suka ƙara zurfi, ruwa ya taru a ciki. A na uku, layi na gabansa bai fi taku talatin ba, kofi na ƙyalli a rumfa yana iya hango shi, sai Alhaji ya ga ai nan ne wurin gaisuwar ƙarshe. Ya taka birki a tsakiyar kwanar, ya ɗaga hannu biyu.

Da ya mayar da ƙafa kan totur, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Motar da aka fige ba ta da abin da zai danna ta ƙasa ta kama. Ya ƙara dannawa, laka ta yi tsiri ta dawo ta inda bonet da ƙofa suke a da, ta wanke shi daga hula har takalmi. Walƙiya ta zauna a kan cikinta.

Ga Haƙuri tafe. Habu ya sauko giya ta biyu, ya sauko ta ɗaya. Ya danna hon. Ya leƙo da kai yana kira, "Ranka ya daɗe, matsa! Don Allah matsa!" Ya rage har injin ya fara shaƙewa, jikin motar na karkarwa, saura ƙiris ta mutu. Kowa a filin ya ga dattijon yana duban Alhaji, yana duban masara, yana duban laka. An ce kada ya wuce, an ce kada ya tsaya, ga shi dole ya saɓa ɗaya. Shekara ashirin da biyar na jigilar hatsi suka yanke masa hukunci, domin direban kaya na gaske ba ya kashe mota a laka. Ya karkata sitiyari. Buhu goma sha biyu suka danna tayoyin Haƙuri ƙasa, ta kama, ta bi ta gefen Walƙiya a hankali kamar mai wuce majalisar surukai. Habu ya ɗaga hannu ɗaya yana cewa, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe! Wallahi in na tsaya ba za ta tashi ba! Ka gafarce ni!" Bai daina ba da haƙuri ba har ya tsallake layi.

Ihun da aka yi, an ce har Kiru an ji. Mutanen Doguwa wasu na birgima a ƙasa. Aka sauko da Habu yana salati, aka damƙa masa kofi, ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar an ba shi garwashi. Alhaji kuwa na nan zaune a laka, ya yi tsere da motar sitonsa ya zo na biyu. Ya buɗe baki zai soke tseren, sai ya tarar lasifika na hannun Malam Balarabe, kujerar da Hukuma ke zama a kai kuma tana can cikin rumfa.

Malam Balarabe ya buɗe littafi. Sashe na ɗaya: Haƙuri ta zo ta farko, a ƙara mata buhu. Sashe na biyu: Walƙiya ta zo ta ƙarshe, a rage mata nauyin buhu guda. Ya naɗe ƙafar wando, ya taka har bakin lakar, ya kira Mas'ud a matsayin kanike ya duba abin da za a cire. Mas'ud ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa ciki, ya leƙa ƙasa.

"Malam, in aka ƙara cire wani ƙarfe a nan, ta tashi daga mota."

Malam Balarabe ya sake duba littafi, ya sa yatsa a kan wani layi, ya karanta a lasifika: "Dokar nan ba ta san fuskar kowa ba. Ko ni ne." Sannan ya dubi Alhaji ta saman tabarau. Ya ce matsalar dai ita ce ba a san ko abin da ya rage zai kai nauyin buhu ba, ga sikeli yana can sito.

Daga cikin rumfa aka ji muryar Hajiya Lubabatu, a natse, kamar mai faɗin farashin gishiri. "Malam, ba sai an ɗauko sikeli ba. Buhu guda ne da tiya shida."

'Yan dakon sito suka shiga lakar. Aikinsu ne, sun san yadda ake yi: biyu a kafaɗa, biyu a ƙafa, a haɗa baki a ce bismillah. Suka ɗaga Shugaba sama a gaban dukan Bebeji, da hannu bibbiyu, suka kai shi tudu suka jingine.

Mutum biyu suka taɓa Walƙiya da hannu ɗaiɗai ta fito. Aka ce Mas'ud ya kawar da ita daga hanya. Ya shiga, ya ɗan saurari injin, ya taka. Ranar ce mutane suka san dalilin sunanta. Kafin Alhaji ya gama share laka daga idonsa ta zagaye filin ta dawo ta tsaya a gabansa. Malam Balarabe, bisa sabo, ya danna agogo tun tashinta. Ya duba, ya sake dubawa: babu motar da ta taɓa yin wannan gudun a filin tun da aka share shi. Ya lashi bakin alƙalami, ya buɗe shafin ƙarshe na littafin Hukuma, ya rubuta layi ɗaya, ya buga hatimi:

"An gano inda nauyin yake."